Ladi Mai Wankin Hanji da Awakin Turke

Shekara talatin da biyar ke nan, kafin a yi kiran assalatu Ladi ta riga ta tashi. Takan yi salla, ta ɗaura wani tsohon zane da ba ta zuwa ko'ina da shi sai mayanka, ta ɗauki ƙwarya biyu da 'yar wuƙarta, ta bi ta lungun majema ta ɓulla bayan kasuwa. A gefen mayanka, inda ruwan wanki ke gangarawa, akwai wani faffaɗan dutse. Nan ne mazauninta. Mahauta su yanka, su feɗe, su zaro kayan ciki su turo mata a masaki. Ita kuwa ta tsaga tumbi ta zubar da abin da ke ciki, ta juya hanji da ɗan kara, ta cuɗa, ta ɗauraye har sai ruwa ya fita fari, sannan ta kitsa shi ta mayar wa mai shi. Abin da ake sallamarta da shi ɗan yankin huhu ne da guntun hanji, ta kai gida ta dafa. Da hantsi ya yi zafi ta gama, ta wanke hannu da toka, ta kama hanya.

Duk Sakkwato babu gidan da ba a ci abin da hannunta ya wanke ba. Amma in ta biyo lungu, mata kan ja mayafi su rufe hanci, maza kan raɓe jikin bango kada zanenta ya taɓa rigarsu. Na ga wanda ya yi haka da safe, da azahar kuma na gan shi yana suɗe kwanon romon kayan ciki. Wannan hali ne na banza, kuma da yawanmu muna da shi.

Ladi tana da wata ɗabi'a da mahauta suka daɗe suna yi wa dariya. Ba ta taɓa sa wuƙa a tumbi ba sai ta tambayi inda dabbar ta fito.

"Wagga ta gidan wa ta?"

Dodo, wani mahauci mai faɗin kafaɗa da yawan ba'a, wanda ya fi kowa turo mata aiki, yakan ce, "Inna, in na hwaɗa miki, gaisuwar rasuwa za ki kai musu?"

Ba ta dariya, ba ta kuma fushi. Sai ta riƙe wuƙar a hannu ta jira. Dole mai nama ya gaji ya faɗa: ta gidan wane ce a unguwa kaza, ko kuwa daga Kware aka koro ta, ko daga tudun Mabera. Sannan ta tsaga.

Ba tsegumi ya sa take tambaya ba. Tun tana sabon shiga, shekara biyu kafin Nasara su shigo garin nan, ta lura cikin dabba ba ɗaya ba ne da na 'yar'uwarta. Wani hanjin fes, wani kuwa bangonsa duk ƙuraje masu tauri kamar an cusa tsakuwa. Wani ka ja, sai ga farar tsutsa mai faɗi, doguwa kamar igiyar zane, ta fi kamu goma. Wadda ta fi ba ta tsoro kuwa ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ke zama a ƙaramin tumbi na ƙarshe, siririya kamar zaren ɗinki, ja da fari a murɗe. Duk akuyar da ta samu da irin wannan da yawa, namanta yakan yi fari fat, jininta ya tsinke kamar ruwan wankin nama. Mahauta suna gani, amma su nama ne gabansu. Ita kaɗai ta riƙa haɗa abin da ta gani da gidan da dabbar ta fito da kuma lokacin shekara, tana ajiyewa a ka. Da tafiya ta yi tafiya, ta kai in aka ce mata gida kaza, ta san abin da za ta tarar tun ba ta tsaga ba.

Da Turawa suka zauna, kamfanoninsu suka buɗe ciniki suna neman fatar jar akuyar ƙasar nan ido rufe. Kowa ya shiga kiwo. Gidan da ke da akuya uku ya koma goma, mai goma ya koma talatin, amma gidajen ba su ƙara faɗi ba. Ga kuma al'adarmu ta damina: da shuka ta fito, mai shela ya zaga, kowa ya ɗaure dabbarsa a turke kada ta shiga gonar mutane. Daga ranar har a yi girbi, akuya tana wuri ɗaya. Nan take ci, nan take kashi, nan take kwana. Masu gona kuma ba sa yarda a share turke, don taki suke tarawa, sai rani a zo da jakuna a kwashe. A kan wannan takin, jiƙe da ruwan sama, ake watsa mata ɗanyar ciyawar da aka yanko da sassafe a bakin kududdufi. Haka muka tarar ana yi, haka muke yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

A damina ta ashirin da biyar bayan shigowar Nasara, ruwa ya yi yawa ƙwarai. Awaki da tumaki suka fara lalacewa a wata unguwa ta kusa da majema. Ba zan faɗi sunan unguwar ba, masu ita sun san kansu. Dabba ta rame, gashinta ya tashi, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an ɗura ruwa, ta yi ta zawo, wata rana da safe a tarar ta miƙe. Gidan da abin ya fi ci shi ne na Malam Siddiƙu, dillalin fata, mutum mai wadata da faɗa a ji. Awakinsa sun haura talatin, kafin watan ya ƙare goma sha ɗaya sun tafi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Hasana. Ita Hasana matar wani majemi ce da ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Tana daka da surfe a gidajen mutane. Awakinta huɗu ne: uwa, da wata budurwar akuya, da tagwayen 'yan bunsuru da aka yaye. Su kuwa sai sheƙi suke, gashi kwance, suna ta tsalle a turke kamar ba a unguwar suke ba.

Daga nan magana ta tashi. An fara ta a ɗakin girki, ta fito bakin rijiya, ta kai zaure. Aka ce yaya za a yi na kowa su mutu, na matar da ba ta da ko dusar kirki su yi ƙiba? Aka tuna wata rana ta leƙa ta katanga ta ce awakin Malam sun yi kyau. Aka tuna mijinta bai yi doguwar jinya ba. Kafin Juma'a biyu, an gama yanke cewa Hasana mayya ce, ita ke kama kurwar dabbobi, kuma in ta gama da su yara za ta koma. Aka daina kiranta daka. Aka daina karɓar wuta daga murhunta.

Malam Siddiƙu ya kai ƙara wurin mai unguwa Tukur, dattijo mai sanyin hali wanda ba ya son rigima, ba ya kuma son ɓata wa masu hali rai. Aka yanke abin da aka saba yi wa wanda ake zargi da maita: ta zo gaban jama'a ta tsallake dabbobin da ke kwance don ta sake su. In ta ƙi, ta tattara kayanta ta bar unguwa. Aka ba ta kwana uku.

Da la'asar ta rana ta biyu Hasana ta je gidan Ladi. Ba wata dangantaka tsakaninsu sai ta hanya, don ta ƙofar Hasana Ladi ke wucewa kullum, kuma Hasana na cikin 'yan kaɗan da ba sa rufe hanci. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi shiga, kada ta ja wa mai gida magana.

"Inna, in na tsallake, na zama mayya har ɗiyan ɗiyana. In na ƙiya, in bar ɗakin da mijina ya bar mini. Wanne za ni ɗauka?"

Ladi ba ta lallashe ta ba, ba halinta ba ne. Tambaya ta shiga yi mata, irin ta mayanka. Me take ba awakinta? A ina take yanko ciyawa? Wane lokaci? Ina take zuba musu? Hasana ta amsa tana jin kunya, don duk amsar talauci ce. Ta ce ba ta samun zuwa fadama da safe saboda daka, sai rana ta take take hawa tudu ta yanko abin da ta samu, wata rana ta karyo ganyen marke. Ta ce tsakar gidanta ruwa ke kwanciya, shi ya sa take ɗaure ciyawar dami-dami ta rataye a igiya, awakin su miƙa wuya su ci. Ta ce murhunta na dab da turken, dole ta share kullum, kashin kuwa masu lambun albasa take kai wa su ba ta ɗan kayan miya. Dusa ba ta isa, sai ta roƙi abokan aikin mijinta 'ya'yan gabaruwa da suke jima da su, ta daka ta gauraya don abin ya yi auki.

Ladi ta saurara har ƙarshe. A ranta tana jero gidajen da ta san hanjin dabbobinsu ba ya ba ta wahala, sai ta ga kusan duk irin gidan Hasana ne: gidajen gwauraye da tsofaffi marasa gona, waɗanda ba su da abin da za su yi da tarin taki. Ta jero waɗanda tsutsa ke cika wa ƙwarya, ta ga gidajen masu gona ne da masu barori. Shekara ashirin da bakwai abin yana gabanta a warwatse, sai ranar ya haɗu.

Ta san kuma abin da ke jiran duk wadda ta tsaya wa mayya. Ita ma tsohuwa ce, ita kaɗai a ɗaki, hannunta kullum cikin jini. Ba za a sha wuya ba wajen haɗa su biyu a kora. Duk da haka, washegari da ta gama aiki ba ta koma gida ba. Da zanen mayanka a jikinta ta nufi ƙofar mai unguwa, inda jama'a suka riga suka taru, an kwantar da awaki uku marasa lafiya a ƙasa ana jiran Hasana.

Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka shi daɗe, ni ban yi karatu ba. Amma abin da ke kashe awakin ga na taɓa shi da hannuna, kuma ba shi da kama da Hasana."

Malam Siddiƙu ya dube ta sama da ƙasa, ya juya wajen mai unguwa. "Yaushe munka lalace haka, har mai wankin kashin akuya za ta yi muna shari'a?"

"Malam, kashin da nike wankewa na awakinka na. Tun bara nike ganin cikinsu. Kai ko sau ɗaya ba ka leƙa ba."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wasu suka ce a kore ta. Mai unguwa ya ɗaga hannu, ya ce ta faɗi abin da ke bakinta. Ta faɗa a taƙaice. Ta ce tsutsar ciki ce, ta ce ba ta san ta inda take shiga ba, amma ta san inda take yawa: turken da ba a sharewa, da ciyawar bakin ruwa da ake zubawa a ƙasa. Ta ce ba ta roƙon a yarda da ita, kwana arba'in kawai take roƙo. A ɗauki tagwayen bunsurun Hasana, uwa ɗaya, nono ɗaya, lafiya ɗaya. A kai ɗaya turken Malam Siddiƙu ya ci abin da nasa ke ci. A kai ɗaya gidan mai unguwa, a share masa wuri kullum, a rataye masa ciyawar tudu, a sa masa gabaruwa a dusa. Hasana kuwa ta tafi ƙauyen Minanata wurin ƙanwarta, kada a ce idonta ne ya kai ko ya kare. Ranar arba'in a yanka duka biyun a nan, a buɗe kowa ya gani.

Wani daga cikin taron ya tambaya, in aka buɗe ba a ga komai ba fa? Ladi ta ce to sai a haɗa kayanta da na Hasana, su fita ƙofa ɗaya.

Mai unguwa ya ga hanyar da za ta fisshe shi ba tare da ya kori kowa ranar ba, ya yarda. Malam Siddiƙu ya yarda don ya tabbata zai ga bayan tsofaffi biyu maimakon ɗaya. Wadda ba a tambaya ba ita ce Hasana, mai awakin. Rabin abin da ta mallaka a duniya aka yanke za a yanka. Ladi ta same ta ta gaya mata haka ba tare da ta sassauta ba, ta ce ɗaki da suna sun fi bunsuru biyu. Hasana ta kwance tagwayen da hannunta, ta miƙa igiyoyin, ta ɗora ƙunshinta a ka ta fita gari.

Kwana arba'in ɗin nan Ladi ba ta fasa zuwa dutsenta ba ko rana ɗaya. Wasu mahauta suka janye aikinsu suka kai wa wata, don matansu sun ce ba za su dafa abin da ƙawar mayya ta taɓa ba. Dodo bai janye ba. Ya daina ba'ar dai, ya koma in ya turo masaki sai ya tsaya a kanta yana kallon yadda take tsaga ƙaramin tumbi. Ita kuma ba wai hankalinta a kwance yake ba. Ta san dabba ba lissafin ɗaya da ɗaya ba ce, wata takan zauna cikin ƙazanta ta fita lafiya. Takan bi ta ƙofar mai unguwa da yamma ta tambayi uwargidansa ko an share turke, har matar ta fara gajiya da ita. Ta ƙofar Malam Siddiƙu kuwa ba a barin ta ko tsayawa.

Ranar arba'in ta faɗo Alhamis. Aka aika aka zo da Hasana. Bayan hantsi aka fito da tagwayen ƙofar mai unguwa, kuma tun ba a yanka ba masu ido sun ga bambanci, don na gidan Malam ya zube, gashinsa ya yi buzu-buzu. Liman ya yanka, Dodo ya feɗe. Aka fara da na gidan mai unguwa. Ladi ta zuba ruwa a farar ƙwarya, ta tsaga ƙaramin tumbin, ta wanke shi a ciki, ta bari ruwan ya kwanta. A gindin ƙwaryar sai ga 'yan zaren nan ja da fari, kamar guda bakwai ko takwas, suna motsi.

Dodo, da ke tsugune kusa da ita, ya gani kafin kowa. Ya yi ƙasa da murya ya ce ta karkata ƙwaryar su bi ruwa, ba wanda zai sani. Ta dube shi sau ɗaya. Ta miƙe da ƙwaryar, ta kai gaban mai unguwa, ta kai gaban Malam Siddiƙu, ta zaga da ita gaban mutane tana nuna musu da tsinke.

"Ku duba da kyau. Wanga ma shina da ita. Ban taɓa ce muku akwai akuyar da ba ta da ita ko kaɗan ba. Yawa na ke kashewa."

Taro ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ai magana ta ƙare, tsutsa tana ko'ina, ba ita ce ba. Hasana ta sunkuyar da kai. Ladi ta koma ta zauna, ta ɗauki ƙwarya ta biyu, ta tsaga na turken Malam. Wannan ba sai an jira ruwa ya kwanta ba. Bangon tumbin kansa motsi yake. Ta sa hannu ta damƙo, ta ɗaga, suna zuba ta tsakanin yatsunta kamar jiƙaƙƙen zare. Ta ajiye ƙwaryoyin biyu gefe da gefe, ta ajiye naman biyu gefe da gefe, ɗaya ja, ɗaya fari. 

Malam Siddiƙu bai saduda nan take ba. Ya ce mayya tana iya cin nata don ta ɓad da sawu, kuma Minanata ba nisa ba ce ga mai irin wannan aiki. A nan ne Dodo, wanda ɗazu ya ba da shawarar banza, ya gyara kuskurensa. Ya ce da safiyar nan ya yanka wata tunkiya da aka koro daga wani ƙauyen fadama bayan Kware, kayan cikinta na nan ba a taɓa ba. Ya je da kansa ya ɗauko. Ladi ta tsaga, ƙwarya ta uku ta fito kamar ta biyu.

Dodo ya ce, "Ranka shi daɗe, mutanen ƙauyen can ko sunan Hasana ba su taɓa ji ba. In ita ta, to ta hi jirgin ƙasa sauri."

Wannan karon dariyar ta fito fili. Mai unguwa ya jira ta lafa, ya ce Hasana ta koma ɗakinta, kuma duk wanda ya sake kiranta da wancan suna, shi da alƙali. Liman ya ƙara da nasiha a kan zato, wadda da ya yi ta kwana arba'in da suka wuce da ta fi amfani. Aka raba naman lafiyayyen bunsurun sadaka, aka ba Hasana cinya da fatun biyu. Ta isa gida ta tarar ciyawa ta fito a bakin murhunta. Kafin magariba wata maƙwabciya ta aiko neman wuta.

Bayan kwana shida aka ga barorin Malam Siddiƙu suna fitar da taki kwando-kwando a tsakiyar damina, abin da ba a taɓa gani ba. Aka ga an kafa sabbin turaka a ɗaya gefen gidan, an ɗaura igiya. Daga baya ya aika wa Hasana 'yan awaki biyu mata, da saƙon wai wuri ne ya yi masa kaɗan. Ta so ta mayar, Ladi ta ce ta riƙe, hakkinta ne ko da wane suna aka kira shi. Haƙuri dai da baki, har yau bai ba Hasana ba. Yana raye, kuma in an karanta masa wannan, lokaci bai ƙure ba.

Tun daga shekarar, sharar turke ta fara shiga gidaje, unguwa bayan unguwa. Ba kowa ya ɗauka ba, har gobe akwai masu ganin taki ya fi akuya. Amma waɗanda suka ɗauka sun ga damina ta wuce ba su jefar da mushe ba. Mata suka fara jan awakinsu zuwa wurin Ladi da yamma, ta janye fatar ido ta duba. In ja ne ta ce a tafi, in ya yi fari ta ce a jiƙa ɓawon maɗaci da 'yar kanwa a ɗura, a sauya turke. In ta ga abin ya wuce magani takan faɗa, ta ce a yanka tun ana iya cin naman. Ba ta taɓa ce wa kowa maganinta ba ya kuskure ba.

Shekara uku da suka wuce wani Baturen dabbobi ya zo mayanka da tafinta da kwalabe, yana tattara irin tsutsotsin nan. Mahauta suka nuna masa dutsen. Ya tambayi Ladi, cikin dabba goma nawa ke da tsutsa. Ta ce wane wata, kuma daga ina? Ta gaya masa na ƙarshen damina daban, na bazara daban, na fadama daban, na tudu daban, tumaki sun fi awaki a wuri kaza, 'yan yaye sun fi manya. Ya zauna a kan juyayyen turmi ya yi ta rubutu har rana ta take. Ko ya sa sunanta a takardar, ban sani ba. Waɗanda ke wurin dai sun ce bai tambayi sunanta ba.

Bana, bayan ƙaramar salla, Ladi ta ajiye wuƙa. Gwiwa ta ƙi tsuguno, yatsun sun ƙage, ido ya fara hazo. Ba a yi taro ba, ba a buga komai ba. Tana nan a ɗakinta lafiya lau, da akuyarta ɗaya da turkenta a share. Hasana ke kai mata tuwo da dare ya yi kusa, Dodo kuma duk Juma'a yana aika mata hanta, wai don ta huta da huhu. Na je gaishe ta, na ce zan rubuta labarinta. Ta ce in rubuta na turke, ya fi amfani. Na rubuta duka biyun.

Inna Ladi, ke ce kika zauna inda kowa ke kau da kai, kika duba abin da kowa ke zubarwa, har kika san abin da masu rawani ba su sani ba. Ke ce aka ba ki damar karkata ƙwarya ki tsira, kika ɗaga ta sama kowa ya gani. Mai farar ƙwarya, mai hannu ɗaya ga mai kuɗi da matalauci. Mun ci daga hannunki muna rufe hanci, ba ki taɓa rage mana wanki ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ƙarshe ya yi kyau, ya saka miki da abin da mu muka kasa.

Ku kuma masu kiwo, shuka ta kusa fitowa, mai shela zai zaga. Ku share turke kullum, ku tara takinku nesa da bakin dabba, ku rataye ciyawa, ku bar yankan ta bakin kududdufi da raɓa. In dabbarku ta mutu, ku buɗe cikinta ku duba kafin ku buɗe baki a kan maƙwabcinku. Masu sana'a kuma, kowace iri ce, ku san abin da ke wucewa ta hannunku kamar yadda matar nan ta san nata.

Dutsen yana nan, tsakiyarsa ta yi kwarmi saboda guga. Wata mata ce a kai yanzu, Mairo, wadda ta yi shekara shida tana wanki kusa da Ladi. Na bi ta wurin ranar Lahadi da safe. Dodo ya turo mata masaki, tun ba ta ɗaga kai ba ya ce, "Ta gidan Muntari ta, bakin kududdufi. Duba ƙaramin tumbi da kyau." Ba wanda ya yi dariya.